Gasar harbi da ƙaramar bindiga: ta ina ake farawa a Gombe, me kuma ake gyarawa?

Ɗan Tumfure:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san wasan harbi ce. A bidiyoyin Amurkawa ina ganin masu gasa da fistol kowa yana gyara bindigarsa daidai hannunsa, ya sauya kunama, ya sauya mariƙi, har su tattara kwanson da suka harba su sake ɗura masa albarushi a gida. Shin mutum a nan Gombe zai iya shiga wannan wasa? In zai iya, wane gyara ake wa bindigar? Kuma da gaske ne sai wanda ya haɗa harsashinsa da kansa yake cin gasa? Don Allah a yi bayani dalla-dalla.

Baban Hanif:

Wa alaikumus salam ƙanena. Cire maganar ɗura harsashi daga ranka, domin abin da kake gani a can dokarsu ce ta ba su. Tamu Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Fistol da libarba suna kashi na farko, na haramtattun makamai, tare da bindigogin soja. Lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, wanda aka kama da su ba izini kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ƙera bindiga ko haɗa harsashi a gida ma hukuncinsu ke nan. Saboda haka ba wanda zai ba ka awon albarushi a zauren nan.

Amma wasan bai rufe ba. Gasar fistol da duniya ta fi sani a yau ta bindigar iska ce a nisan mita 10, wadda ta shiga Olamfik tun 1988. Ita ce Yusuf Dikec na Turkiyya ya harba a gasar Faris ta 2024, hannu ɗaya a aljihu, suka ci azurfa shi da abokiyar wasansa. Babu albarushi a cikinta, matsattsiyar iska ce ke tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5.

Kada ka ɗauke ta kayan wasan yara. A dokarmu tana kashi na biyu tare da bindigar farauta, lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Shigo da ita daga waje kuma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka kada ka yi odarta ta intanet ka jawo wa kanka kwastan. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce ta hukuma: ka je hukumar wasanni ta jiha ka nemi a haɗa ka da ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, ka yi atisaye da bindigar ƙungiya a ƙarƙashin koci. 'Yan sanda da sojoji su ma suna da 'yan wasan harbi.

Ga ƙa'idojin hukumar harbi ta duniya, ISSF, domin duk gyaran da za a yi a cikinsu yake tsayawa. Bindiga ba ta wuce nauyin giram 1,500. Kunama ba ta tashi da abin da ya gaza giram 500. Dole bindigar ta shige akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗin 200, kauri 50. Saiti na ƙarfe ne zalla, ba madubi ba jan ɗigo. A tsaye ake harbi da hannu ɗaya, ba jingina. Harbi 60 ne a minti 75 in allon na lantarki ne, bayan minti 15 na shiri da gwaji. Tsakiyar allo tana mita 1.40 daga ƙasa, baƙin da'irar milimita 59.5, zoben maki goma na tsakiya kuma 11.5 kacal. Cikakken maki 600 ne, kuma 594 da Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci a 2009 ya isa ya nuna maka inda manya suke.

Injiniya Bolari:

Malam Baban Hanif ya share fage, bari in ɗauki gyaran. Abu uku ne: mariƙi, kunama, saiti. A jere na kawo su, kuma wanda ya fara da kunama kafin mariƙi aikin banza ya yi, domin da zarar ka taɓa katako wurin zaman yatsa ya sauya.

Mariƙin waɗannan bindigogi, Steyr na Ostiriya ne, ko Morini na Suwizalan, ko Walther da Feinwerkbau na Jamus, ko Pardini na Italiya, katako ne da aka sassaƙa siffar tafin hannu, da ɗan dandamali a ƙasa mai hawa da sauka. Girma-girma ne. Auna faɗin tafinka a kan gaɓoɓin yatsu huɗu ban da babban yatsa. Wajen milimita 85 zuwa 90 shi ne matsakaici a yawancin kamfanoni. In kana tsakani, ɗauki babba, ƙari ya fi ragi sauƙi.

Gwajin kuwa ba ya cin ko ƙwaya ɗaya. Tabbatar bindiga ba komai a ciki, ka tsaya tsayuwar harbi, ka rufe ido, ka ɗaga hannu, ka buɗe. Duba inda tsinken saiti na gaba ya faɗa a cikin tsagar saiti ta baya. Yi sau goma, kana ajiye bindigar kana sake kamawa kowane karo. In yana faɗawa wuri ɗaya a karkace, laifin katako ne. In kowane karo da inda yake zuwa, riƙonka ne bai zauna ba tukuna, kada ka taɓa komai.

Ga na-dama: tsinke ya karkata hagu, ƙara ciko a bayan mariƙi ta gefen dama inda tudun tafi ke kwanciya, zai tura gindin bindigar hagu, baki ya dawo dama. Tsinke ya nutse ƙasa, ƙara a can ƙasan baya. Ya yi sama, kankare wurin. Bahago sai ya juya maganar hagu da dama. Wasu samfuran suna da ƙananan sukurori a ƙarƙashin mariƙi masu juya kusurwarsa da alanki, fara da su kafin ka nemi gam.

Cikon da ake yi: garin katako mai laushi a kwaɓa da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ko fotar masu gyaran jikin mota. Cire mariƙin daga jikin bindiga tukuna, kada gam ya gangara cikin kunama. Karce wurin da samfefa mai kaushi don ya kama, shafa kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, rufe da leda siririya, ka mayar ka kama irin kamun harbi har ya fara ƙarfi. Fota tana ɗaukar zafi in tana bushewa, kada ta ba ka tsoro, amma kada ka lafta da yawa. Ya bushe, sai magagari da samfefa. Wuri ɗaya ake gyarawa a rana, a yi harbi da shi kwana biyu ko uku kafin a ƙara wani. Masu gaggawa su cika wuri huɗu lokaci guda, abu ya lalace, su rasa wanne ne ya ɓata.

Yadda za ka gane ya zauna: riƙe na daƙiƙa 30 ka saki ka dubi tafinka. Inda ya yi fari fat ko ya yi shaida, katako ya yi tudu a nan. Yatsan tsakiya shi ke ɗaukar nauyi a ƙarƙashin gadin kunama, ƙaramin yatsa kwanciya kawai yake yi, babban yatsa ba ya dannawa. Manuni kuma kada ya taɓa katako ko kaɗan. In yana gogar gefe, duk jan da ka yi sai ya ture bakin bindiga, ka ga harbinka yana taruwa hagu kana ta zargin saiti.

Alƙalai suna duba mariƙi. Ba ya taɓa wuyan hannu, ba ya zagaye hannu, babban yatsa yana iya ɗagawa sama ba shamaki, dandamalin ƙasa ba ya lanƙwasowa sama. Ka kuma tuna kaurin milimita 50 ɗin nan, ciko a gefe shi ke hana bindiga shiga akwati ranar gasa. Wani abu da ya shafe mu: hannu yana kumbura a zafin Maris da Afrilu, ya motse da hunturu. Dandamalin da ka ɗaure a Janairu zai matse ka a bazara, sassauta shi milimita ɗaya.

Kunama mataki biyu ce. Na farko tafiya ce mai laushi har ka ji ta tsaya, na biyu shi ne ɗan ƙarin da ke sakin harbi. Yawanci ana ba na farko giram 350 zuwa 400, sauran a na biyu. Sabon shiga ya bar na biyu da ɗan nauyi, kamar 150, don ya riƙa jin tsayawar. Jimilla kada ka tsaya a 500 cif, kai ta 520 ko 530. Ƙarfin sifirin da ke cikin kunama yana sauyawa da yanayi, kuma bayan zagayen farko ana zaɓar wasu a sake auna kunamarsu, wanda tasa ta gaza an cire shi ko da shi ne kan gaba. Awon haka yake: a ɗana bindiga ba ƙwaya, baki sama a miƙe, a rataya nauyin a kunama, a ɗaga a hankali har ya bar tebur. Ta ɗauka ba ta tashi ba, ta wuce. Sau uku ake ba ka dama. Kuna iya haɗa naku da waya mai ƙugiya da gorar ruwa, amma ku auna duka har da wayar a sikelin lantarki, kada ku dogara da rubutun jikin gora.

Harshen kunamar yana matsawa gaba da baya. Sa shi inda tsokar gaɓar farko ta manuni za ta zauna a kansa a miƙe, jan ya tafi baya sak. Kowane sukuru kwata ake juyawa, a rubuta a littafi. Akwai guda ɗaya da ke riƙe haƙorin da ke sakin harbi, sau da yawa da ɗigon fenti a kansa. Wannan ba naka ba ne. Ka rage shi, bindiga ta tashi da kanta lokacin rufewa. In abu ya kai ga buɗe ciki, a mayar wa mai kula da makaman ƙungiya, ba maƙerin unguwa ba, don gyaran bindiga ma doka ta ce sai mai izini.

Saiti lissafi ne. Tsakanin tsinken gaba da tsagar baya wajen milimita 350 ne, allo kuma yana 10,000. Duk kuskuren da ka yi wajen daidaita su biyun yana ninkuwa kusan sau 29. Tunda ƙwaya in ta taɓa layi an ba ka makin, cibiyarta tana da sararin milimita 8 daga tsakiya kafin ta fita goma. Raba 8 da 29: kaucewar kashi uku cikin goma na milimita kacal ta isa ta fitar da kai daga goma. Dalilin ke nan da ido yake zama a kan tsinken gaba, allo ya yi dishi-dishi. Ba a saita tsakiyar baƙi, ƙarƙashinsa ake riƙewa a cikin fari, don baƙin tsinke ya fito sosai. Tsinke mai faɗin milimita 4 zuwa 5 ya isa, a buɗe tsagar baya har haske ya fito gefe da gefe daidai.

Tsagar baya tana bin inda kake so harbi ya koma. A kula da bindigogin Jamus da Ostiriya: in an rubuta "bei" kafin harafi, ana nufin inda harbin ya faɗa ne, ba inda za shi ba. H sama, T ƙasa, L hagu, R dama. Don sanin abin da ƙas ɗaya na sukurin saiti ke matsarwa, harba goma, juya ƙas goma, sake harba goma, auna tsakanin tarin biyu ka raba da goma. Kuma ba a juya saiti saboda harbi ɗaya.

Maman Ilham:

Sannu da ƙoƙari Injiniya. Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ba a amsa ba. Abin da ke matsayin haɗa harsashi a wannan wasa shi ne zaɓen ƙwaya da kula da iska.

Ƙwayar gasa mai shafaffen kai ce don ta huda takarda tsaf a iya karanta maki. RWS, H&N da JSB su ne sanannu, 500 a gwangwani, nauyi daga giram 0.45 zuwa 0.53. A ƙarƙashin gwangwanin za ka ga faɗin kai, 4.48, 4.49, 4.50 ko 4.51, da lambar rukunin da aka buga su tare. Rukunin ya fi lambar faɗin muhimmanci, gwangwani biyu masu suna ɗaya daga rukuni dabam ba lallai su yi daidai a bututu ɗaya ba. Manya sukan cire mariƙi, su ɗaure bindiga a matsi, su harba goma-goma daga kowane rukuni, wanda ya ba da rami mafi ƙanƙanta su sayi kwali guda.

Ni dai ra'ayina, wanda bai kai maki 560 ba ya bar wannan wahala. Ƙwayar atisaye ta kamfanin kirki tana taruwa a cikin zoben goma in an ɗaure bindiga, hannun sabon shiga kuwa yawo yake a faɗin baƙin gaba ɗaya. Abin da zai cuce ka shi ne ƙwaya mai lanƙwasasshen gindi. Dalma tana da taushi, gwangwani in ya sha jijjiga a Keke Napep gindin ƙwayoyin ya lotse, iska ta zurare ta gefe. Sa soso a ciki ya danne su. Wadda ta faɗi ƙasa, wadda ta yi farin gari, wadda aka taɓa harbawa, duk a zubar. Ƙwayar ƙarfe kuma ba ta shiga wannan bututu sam. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a kuma share dalmar da ta taru a akwatin tare harbi, kada yara su samu.

Silinda, wato tukunyar matsattsiyar iska da ke jikin bindigar, ita ce wurin haɗari. Yawancinsu ana cika su ne zuwa bar 200 a ma'aunin matsin iska, duba abin da aka buga a jikin taka. Akwai ranar ƙira a jiki, shekara 10 ne wa'adinta, bayan nan ba a shiga gasa da ita. Cikawa ɗaya tana ba da harbi sama da ɗari, gudun ƙwaya wajen mita 150 a daƙiƙa. A ciki akwai abin da ke rage matsin ya daidaita shi, shi ya sa harbi na farko da na tamanin suke tafiya ɗaya. In iska ta yi ƙasa da abin da yake buƙata, harbi ya fara sauka ƙasa a hankali, mutum ya yi ta juya saiti alhali allurar silinda ya kamata ya duba.

Abu biyu ba a yi, ko da wasa. Ba a cika ta da iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, fashewa take yi. Ba a kuma sa man inji ko man keken ɗinki a bakin silinda, mai in ya haɗu da matsi irin wannan kamawa yake. Zoben roba giris ɗin silikon kaɗai yake so, ɗan kaɗan. Sai zafi: silindar da aka cika bar 200 a ɗaki mai awo 25, in aka bar ta a mota a rana ta kai 60, matsin ya haura 220.

Ɗan Tumfure:

Allah ya saka da alheri, Baba da Injiniya da Hajiya. To a Gombe da ba mu da masu cika tukunyar iskar masu nutso a ruwa, da me ake cika silindar? Kuma kafin in samu shiga ƙungiya, akwai abin da zan fara a gida?

Maman Ilham:

Famfon hannu na musamman mai kai bar 200, ba na taya ba. Buga kamar hamsin ka huta ya huce, in ya yi zafi zoben cikinsa ke ƙonewa. Da damina sa masa matatar tsotse danshi, in ba haka ba ruwa ya taru a silinda ya ci ta daga ciki. Saki iskar tiyo kafin ka kwance. Kada kuma ka yi famfo dab da harbi, hannu zai yi ta rawa, cika tun daren jiya.

Injiniya Bolari:

Hajiya, ni da ƙungiya za ta ji tawa, ga masu koyo Baikal IZH-46M ta Rasha za ta nema. Ba ta da silinda, wani ƙarfe a jikinta ake ja sau ɗaya ya matsa iska kafin kowane harbi. Ta fi nauyi a gaba, mariƙinta kuma ɗanye ne sai an sassaƙa, amma ba famfo ba wa'adi.

Na gida kuwa, ƙanena, gorar ruwa ta lita ɗaya ta ishe ka. Tsaya a karkace ga bango, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ɗaya hannun a aljihu. Ɗaga gorar daidai ido na daƙiƙa 20, sauke na 20, sau goma, ka huta minti biyu, ka yi zagaye uku. Wuyan hannu a ƙafe, gwiwar hannu a miƙe. Bayan mako biyu ƙara zuwa 30. In kafaɗa ta fara zafi mai suka, dakata, ba gajiya ba ce. Ka je asibitin ido ma a auna ka, ka ce kana son ganin abu tar a nisan miƙaƙƙen hannu da ƙarin taƙi ɗaya. Galibi ƙarin +0.50 zuwa +0.75 ne a kan gilashinka na nesa. Ranar da za ka filin, sa takalmi shafaffe wanda bai rufe idon sawu ba, agogo kuma ya koma ɗaya hannun.